TAIKWANDO: TA INA MACE ZA TA FARA?

'Yan'uwana mata, da ku 'yan makaranta, yanzu a manyan garuruwa akwai ɗakunan motsa jiki inda a ke koyar da wani wasa wai shi Taikwando. Kadan kika leƙa kika ga mutane cikin fararen tufafi suna shuri sama suna ihu, watakila ki ce, "Wannan ai dambe ne, aikin maza." To, tsaya ki ji.

Asalin wasan daga ƙasar Koriya ne, an kuwa raɗa masa wannan suna a 1955. A bakinsu ma'anar sunan ita ce hanyar ƙafa da dunƙulen hannu, gama shuri ya fi yawa a ciki, sa'an nan naushi da kāriya. Tun daga wasannin Olamfik na 2000 maza da mata ke karɓar lambobi a cikinsa, kowa da ajinsa. Wata 'yar Masar, Hedaya Malak, ta ci lambar tagulla a 2016, ta sake ci a 2021, ko yaushe kanta a rufe. A 2016 ɗin nan ne kuma Abdoulrazak Issoufou Alfaga ya kai wa ƙasar Nijar lambar azurfa. Ashe wasan ba baƙo ba ne a wajenmu.

Abu na fari shi ne izini. Yarinya ta nemi yardar iyayenta, matar aure ta yi shawara da maigida. Wadda ke da juna biyu, ko hawan jini, ko asma, ko sikila, lalle ta ga likita tukuna.

Na biyu, zaɓen wuri, wanda ya fi kome muhimmanci. Gani ya kori ji. Ki tafi da yayarki ko mahaifiyarki, ku zauna ku kalli darasi guda tun daga farko har ƙarshe kafin ki biya ko kwabo. Ki duba, akwai waɗansu mata a ajin? Akwai malama, ko lokacin da aka keɓe wa mata? Akwai wurin sake tufafi mai ƙofa? An shimfiɗa tabarmar roba, ko kuwa kan siminti a ke tsalle? Ki tambayi malamin takardar shaidar baƙar ɗamararsa. Malamin kirki ba ya jin haushin wannan tambaya. Wanda ya hana iyaye kallo, ko ya ce yarinya ta zo ita kaɗai bayan an tashi, ko ya haɗa sabuwar shiga faɗa tun ran farko, ki bar masa wurinsa.

Kada ki yi gaggawar sayen kaya. Wando mai faɗi da riga mai dogon hannu sun isa makon farko. Tufafin wasan kansu fari ne, dogon wando da riga mai hannu har wuyan hannu. Ki ɗaura kallabi wanda ba ya bukatar fil. Ki cire 'yan kunne da awarwaro da zobe, ki yanke farce, har na ƙafa, domin ba a sa takalmi. Kada ki cika ciki da tuwo sa'an nan ki tafi. Ki bari kamar awa biyu ta wuce, ki kuma riƙe gorar ruwa.

Da farar ɗamara kowa ke farawa. Za a sa ku ɗan gudu jiki ya yi ɗumi, ku miƙe jijiyoyi, sa'an nan a koya muku tsayuwa, da dunƙule hannu babban yatsa a waje, da shuri gaba. Iska za ki yi ta duka, daga baya ki koma kan matashin fata da malami ke riƙewa. Sai kin ƙware a ke barinki ki kara da wata, da hular kāre kai da rigar kāre ƙirji, kuma doka ta hana naushi a fuska.

Kashegari cinyoyinki za su yi tsami, har tsugunno gaban murhu ya yi miki wuya. Wannan ba ciwo ba ne, cikin kwana biyu ko uku zai wuce. Amma zafi mai suka a gwiwa ko idon sawu, wannan kam ki tsaya ki faɗa wa malami. Zuwa sau biyu ko uku a mako ya isa. Baƙar ɗamara sai an shekara da shekaru, sannu ba ta hana zuwa.

Kada kuwa wata biyu na koyo ya ruɗe ki har ki tsaya ja-in-ja da ɗan iska a hanya. Ki yi ihu, ki fizge, ki gudu inda mutane su ke. Ribar da za ki fara gani ita ce ƙarfin jiki, da dogon numfashi, da barci mai daɗi, da tafiya ba tare da fargaba ba.

Iyaye mata, icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Kadan 'yarki ta nuna sha'awa, ki yafa gyalenki ki raka ta, ki gane wa idonki. Allah ya ba mu lafiya, amin.