Zafi da sanyi a fadamar tace ruwan ƙazanta

Ƴan uwa manoma da masu garka, ruwan wanki da na makewayi ba ya ɓacewa don mun zubar da shi. Ƙasa yake shiga, wani lokaci har ya tarar da rijiya. A cikinsa akwai azot, wato sinadarin da ke cikin fitsari da takin zamani na ure. A gona albarka ne. A ruwan sha kuwa, idan ya zama abin da ake kira nitirat, yana hana jinin jariri ɗaukar iska, har leɓunansa su yi shuɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada nitirat ya wuce miligiram 50 a lita ɗaya.

Akwai dabarar rage shi, ita ce fadamar da mutum ya gina. A haƙa rami mai faɗi, a daɓe ƙasansa da yumɓu ko siminti, a cika shi da tsakuwa, a dasa kacalla ko jema. Ruwa ya shiga ta wannan gefe, ya fita ta wancan bayan ƴan kwanaki.

Da yawanmu muna zaton ciyawar ce ke shanye azot. Kaɗan take sha. Babban aikin na wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, masu zama jikin saiwa da tsakuwa. Ashe ba dukansu ke kawo cuta ba! Iri biyu ne. Na farko suna son iska, su ke mai da azot na fitsari nitirat. Na biyu suna can ƙasa inda iska ba ta kai, su ke mai da nitirat iska, ya tashi sama. Nan ba ya cutar da kowa, domin kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa azot ne.

Waɗannan ma'aikata sun fi ƙwazo idan ɗumin ruwa yana tsakanin digiri 25 da 35. In ya sauka ƙasa da 15, sai su yi sanyin jiki. Ƙasa da 5, aiki ya kusa tsayawa. Shi ya sa a Turai fadamar ke raguwa da aiki lokacin ƙanƙara. Mu nan Allah ya ba mu ɗumi, amma darare na ɗari a Disamba da Janairu suna rage gudun aikin. Saboda haka a auna girman fadama da watan ɗari, don ruwa ya ƙara kwana ciki.

Bazara ma tana da nata. A Afrilu da Mayu ruwa mai zafi ba ya riƙe iska da yawa, kuma rana na ƙafar da shi. Kada a bari tsakuwa ta bushe ƙayau, halittun za su mutu.

Ruwan ya zauna ƙarƙashin tsakuwa, don kada sauro ya samu wurin ƙwai. Wanda ya fito a ba itatuwa, ba na sha ba ne.