Jagaba ko Idonka: The Witcher 3 da Elden Ring a Kan Ma'auni

A garuruwan bakin iyaka irin su Illo, Lolo da Tsamiya a ƙaramar hukumar Bagudo, kamar sauran garuruwanmu, in aka ce gidan gem to ƙwallo ake nufi. Mutum biyu su biya kuɗin wasa ɗaya, kafin minti goma sha biyar an san wanda ya ci, na baya su karɓa. Akwai wani jinsin wasan bidiyo da wannan tsari ba ya ɗaukarsa, wato wanda ake kira mai buɗaɗɗiyar duniya: a ajiye ka a wata ƙasar almara mai faɗi, a ba ka doki da takobi, ka nufi inda ka ga dama. Irinsa yana cin sa'o'i hamsin, wani ma ya haura ɗari. Duk wanda zai ba wasa wannan lokaci, ga kuɗin man janareto ko cajin sola, ya kamata ya san abin da zai ɗauko tun kafin ya zuba kuɗinsa.

Biyu ne suka fi cancanta a gwada su da juna, kuma dukansu suna tafiya a kan PlayStation 4. The Witcher 3 ya fito a watan Mayu na 2015 daga kamfanin CD Projekt Red na ƙasar Foland, an gina shi a kan littattafan marubuci Andrzej Sapkowski. Kai ne Geralt, maharbin dodanni da ke neman Ciri, yarinyar da ya raina kamar 'yarsa. Elden Ring kuwa ya fito a Fabrairun 2022 daga kamfanin FromSoftware na Japan, ƙarƙashin jagorancin Hidetaka Miyazaki, marubuci George R. R. Martin kuma ya shimfiɗa masa tarihin duniyarsa. Kowannensu ya lashe kyautar gwarzon wasan shekararsa a bikin The Game Awards. Amma inda suka raba hanya shi ne yadda kowanne yake nuna wa baƙo hanya.

Mutumin Illo ya san wannan batu tun kafin a ƙirƙiro kwamfuta. A ƙarni na 19 ayarin fataken goro daga Kano zuwa Gwanja yakan tsallaka Kwara ta wannan yanki, ya bi ta Kandi da Djougou a Benin ta yau har ya dangana da kasuwar Salaga. Madugu ne shugaban ayari, jagaba ne ke gaba yana duba hanya, da yamma kuma a sauka a zango a ji labarin gari. Tafiyar tana bukatar ido mai karanta daji, tana kuma bukatar kunne mai sauraron mutane. Waɗannan wasanni biyu sun raba gadon ne: ɗaya ya ɗauki daji, ɗaya ya ɗauki zango.

Jagaban The Witcher 3 ya cika zaƙewa. A kusurwar allo akwai ƙaramar taswira da ɗige-ɗige masu jan ka har bakin ƙofar da ake so ka shiga. Masu zane sun yi wahala wajen ƙawata fadamun Velen da titunan birnin Novigrad da tsibiran Skellige, amma sai ka iske idonka yana kan wannan ɗan da'ira, dokinka Roach yana ratsa duk wannan kyau ba ka ɗaga kai ba. Ka buɗe babbar taswira, ta cika da alamun tambaya, kowace tana cewa akwai wani abu a nan. Da farko abin yana da daɗi. Da ka isa tekun Skellige, inda alamun suka warwatsu a kan ruwa kuma yawancinsu akwatunan kayan fasa-ƙwauri ne masu kama da juna, sai yawon ya koma aikin tattara haraji. A ganina wannan ne babban aibin wasan, domin ya mai da ganowa lissafi.

Elden Ring bai yarda da wannan ba. Kana fitowa fili a yankin Limgrave, abin da ke gabanka wata ƙatuwar bishiya ce mai hasken zinariya, da wata fada a kan tudu can nesa. Taswirarka babu komai a kanta sai ka je ka tsinto yankinta. Wuraren hutawa suna fitar da wani ɗan haske mai nuna alƙibla, ka bi ko ka ƙi. Wani mahayi mai sulken zinariya yana sintiri kusa da inda ka fara, kuma yawancin sababbin 'yan wasa da suka tare shi ƙasa suke sha. Darasi ne ba tare da an rubuta maka ko kalma ɗaya ba: abin da ya fi ƙarfinka, kewaye shi, ka dawo in ka yi ƙwari. Haka in Margit, mai tsaron hanyar fadar Stormveil, ya hana ka wucewa, sai ka juya kudu ka yi yawo ka ƙaru. A cikin wani daji a gabashin Limgrave akwai wani ɗan gini da ba ya ɗaukar ido. Ka shiga, wani dandamali ya yi ta sauka da kai ƙasa har ka fara zaton na'urar ta sami matsala, sai ga kogin Siofra, wata duniya guda a ƙarƙashin ƙasa mai rufi kamar sararin taurari. Ba wanda ya aike ka, ba alamar da ta yi maka alkawari. Da an sa alamar tambaya a kan wannan gini, da rabin mamakin ya tafi.

Sai dai an ce matambayi ba ya ɓata, kuma a Elden Ring wa za ka tambaya? Ƙasar kusan kufai ce. 'Yan mutanen da za ka tarar suna magana a dunƙule, su tashi daga inda ka bar su ba sallama, kuma babu littafin da ke riƙe maka wa ya ce me. Sai da aka sabunta wasan a Maris na 2022 aka fara nuna inda suke a taswira. Mafi yawan tarihin an ɓoye shi cikin bayanan makamai da layu, da Turanci mai ɗauke da tsofaffin kalmomi. Da yawa suna gama wasan ba su san dalilin yaƙin da suke yi ba sai sun nemi bayani a YouTube, wannan kuwa kuɗin data ne.

A nan The Witcher 3 ya yi masa fintinkau. Ɗauki labarin basaraken Velen da ake wa laƙabi da Bloody Baron. Matarsa da 'yarsa sun ɓace, ya ce ka nemo su shi kuma ya ba ka labarin Ciri. Sannu a hankali za ka gane guduwa suka yi, domin mashayi ne mai dukan matarsa. Wasan bai wanke shi ba, bai kuma mai da shi shaiɗan ba, ya bar ka da mutum mai laifi mai nadama. Wata shawara da za ka yanke can a gindin wata bishiya ita ce za ta shafi rayuwar wasu marayu, da wani ƙauye, da matar, da shi kansa, kuma ba za ka ga sakamakon ba sai daga baya, lokacin da gyara ya wuce. Ko ƙananan kwangilolin kashe dodo ma sukan zo da nasu ɗan labarin talaka da yaƙi ya ɗaiɗaita. Ga wanda ya yi boko a tsallaken iyaka, wajen Malanville ko Segbana, akwai ƙarin sauƙi: The Witcher 3 yana magana da Faransanci da murya, Elden Ring kuwa rubutunsa kaɗai ake juyawa, muryoyin na Turanci ne.

Akwai kuma abin da masu sharhi a Turai ba su cika damuwa da shi ba amma mu ya dame mu. Elden Ring ba shi da maɓallin tsayar da wasa kai tsaye. A kira sallah, ko Baba ya ƙwala maka kira, dodon ba zai jira ba. Wannan rashin sanin halin mutane ne. Abin da ya rage masa laifi shi ne yana adana ci gabanka a kai a kai, don haka in an ɗauke wuta asararka kaɗan ce. Ba shi da zaɓin sauƙi ko wuya, alhali The Witcher 3 yana da matakai huɗu. Sannan girman Elden Ring ya fi kayan cikinsa: a rabin ƙarshe za ka yi ta haɗuwa da dodannin da ka riga ka kashe, a kogunan da suka yi kama da na baya. Faɗan The Witcher 3 kuwa bai kai nasa daɗi ba, sara ne da kaucewa, ba zurfi sosai.

Batun tarbiyya ba abin tsallakewa ba ne. Dukansu akwai jini da sihiri. The Witcher 3 ya ƙara da tsiraici da shan giya da zagi, kuma hukumar tantance wasanni ta Turai ta sa masa shekara 18, ta sa wa Elden Ring 16. Mai gidan gem da yara ke cika masa shago ba shi da hujjar kunna na farkon a bainar jama'a.

In ana maganar gina ƙasa da za ta sa mutum ya yi amfani da idonsa da hankalinsa, Elden Ring ne gwani, kuma tazarar ba kaɗan ba ce. The Witcher 3 wasan labari ne mai kyau ƙwarai da aka shimfiɗa a kan fili, filin kuma bai ƙara masa abin da ya kai labarin ba. Wanda Turancinsa bai yi ƙarfi ba amma yana da haƙuri, ya ɗauki Elden Ring, zai fahimci ƙasar ko bai fahimci maganar ba. Baligin da ke jin Turanci ko Faransanci kuma yake son labarin mutane, ya ɗauki The Witcher 3, amma kafin ya hau doki ya shiga saituna ya kashe alamun tambaya da ɗige-ɗigen hanya, domin waɗanda suka ƙera wasan sun bar wannan zaɓi a buɗe.