Aska Takwas da Darasin Kimono: Kada Zanenmu Ya Mutu a Cikin Adaka



Kwanakin baya na je gida Karaye, aka buɗe adakar marigayi kakana, sai ga wata tsohuwar babbar riga ta saƙi mai aikin hannu. Na ɗauke ta na kai wa wani tela abokina, na ce ya fitar min da irin zanen a kan kaftani. Ya juya ta, ya sake juyawa, ya ce wallahi babu wannan a kwamfutarsa. Na ce to mene ne sunan aikin? Shiru. Abin kunyar, ni ma ban sani ba. Sai da wani dattijo ya ce mana, "Yara, aska takwas ke nan."

Bari in bayyana. Askar ita ce wannan zane mai tsini da ke saukowa a ƙirjin riga ta wajen aljihu, akwai aska biyu, akwai aska takwas. Kewayen nan mai kama da naɗin gammo kuwa sunansa tambari. A da, mai zane ne ke fara fitar da siffar a jikin yadi, galibi malami ne da hannunsa ya saba da alƙalami, sannan maɗinki ya bi da allura har tsawon watanni. Yankinmu ma ba baya ba ne a harkar tufafi. Zarewa da ke Rogo ta yi suna wajen rini, kuma Bature Heinrich Barth da ya zo Kano a 1851 ya rubuta yadda tufafin Kano ke kaiwa har Timbuktu.

Yanzu mu leƙa Japan. Su ma yau ba kullum suke sa kimono, rigarsu ta gargajiya ba, sai biki. Amma zanenta bai mutu ba. Tun 1950 suka yi dokar kare kayan al'ada, daga 1955 kuma gwamnati ta fara karrama gwanayen sana'a tana tallafa musu su koyar da yara. Kowane zane da sunansa. Akwai ichimatsu, mai gida-gida kamar allon dara. Shi aka sabunta aka yi tambarin gasar Olympics ta Tokyo 2020, da launin shuɗin baba. Masu kallon Demon Slayer, rigar Tanjiro ma ichimatsu ce. Kun ga, rigar ta ja baya, zanen ya shiga waya da talabijin.

Mu ma mun taɓa yin haka. Dagin Arewa ya tashi daga jikin riga da bango ya zama alamar yanki guda. To me ya hana aska takwas hawa jaka, hula, labule ko tambarin kamfani?

Ga aikin da nake roƙonku. Wannan makon ku nemi tsohuwar riga a gidanku, ku ɗauki hotonta kusa-kusa. Ku zauna da dattijon da ya san aikin, ku naɗi muryarsa yana faɗin sunan kowane zane da yadda ake yinsa. Masu zane a kwamfuta su mayar da shi abin da keken zamani zai iya ɗinkawa. In kuɗi ya shigo, a tuna da mai ilimin, a biya shi haƙƙinsa.

Dattijon da ya faɗa mana sunan nan ya haura tamanin. Kada mu jira.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.