Tafiyarmu Samaru Kallon Ƙwallon Jami'o'i

Tun ranar da muka dawo daga Zariya 'yan'uwana ɗalibai waɗanda ba su sami zuwa ba suke ta tambayata labari. Wasu daga cikin iyayenmu kuma har yanzu suna ganin kuɗin motar da suka bayar asara ce kurum. Saboda haka na ga ya kamata in yi amfani da wannan fili in bayyana yadda tafiyar ta kasance, da irin gasar da muka je kallo, da abin da ni kaina na ƙaru da shi. Ba zan ɓoye ba, mahaifina yana cikin waɗanda suka ƙi wannan tafiya da farko, kuma yana da hujja.

Hujjarsa kuwa ita ce ni. Bara ƙwallo ta shiga raina ƙwarai, har ta kai in ana darasi hankalina yana fili. Da aka yi jarrabawar ƙarshen shekara na faɗi lissafi warwas. Akwai wani abokina a garinmu wanda ya bar makaranta tun daga aji uku, wai wani mutum zai kai shi gwaji ƙasar waje. Iyayensa suka sayar da shinkafarsu suka biya, mutumin ya yi layar zana da kuɗin. Duk da na san wannan labari, sai da na gaya wa mahaifiyata a ɓoye cewa ni ma so nake in ajiye karatu in nemi kulob a Kano. Ita kuwa ba ta iya riƙe maganar ba, ta sanar da Baba.

To, ana cikin haka, a hunturun da ya wuce, Malamin Wasanni ya sami labarin za a yi wasa tsakanin jami'o'i a Samaru. Ya nemi izinin Shugaban Makaranta, aka ba shi motar makaranta bisa sharaɗi biyu. Na farko, ɗalibai su haɗa kuɗin mai. Na biyu, ba wanda zai shiga mota sai da yardar iyayensa a rubuce. Ranar ziyara da Baba ya zo na miƙa masa takardar, ya juya ta, ya ce, "Kai yanzu ba ka ji kunya ba? Ga taki ya yi tsada, ga 'yan kwadago suna jirana a gona, sa'an nan in ba ka kuɗi ka je kallon abin da ya kayar da kai?" Na sunkuyar da kai ban ce uffan ba.

Malamin Wasanni yana kusa, ya matso ya gaishe shi cikin ladabi, ya ce, "Alhaji, don Allah a bar mini shi na yini ɗaya. Irin su ne ma na fi so su je. In ya dawo bai sake ba, laifin a wuyana." Baba ya yi shiru jim kaɗan, kana ya ce, "Malam, don girmanka na yarda." Ya sa hannu, ya ƙirgo kuɗin yana girgiza kai.

Kafin in shiga labarin hanya, bari in ɗan bayyana irin wannan gasa, domin da yawa daga cikinmu ba su san da ita ba. Jami'o'in Nijeriya suna da ƙungiyar wasanninsu wadda ake kira NUGA. An yi gasarta ta farko a Jami'ar Ibadan a 1966, lokacin jami'o'in ƙasar duka guda biyar ne, watau ta Ibadan, da ta Nsukka, da ta Ife, da ta Legas, da ta Ahmadu Bello a Zariya. Jami'o'in ne suke karɓar baƙuncin gasar bi da bi. Alal misali, Ife ta karɓa a 2014, Legas kuma a 2022. Ana yin guje-guje da tsalle-tsalle da ƙwallon kwando da sauransu, amma ƙwallon ƙafa ita ta fi tara jama'a. Da yake yanzu jami'o'i sun yi yawa, ba zai yiwu kowace ta kai 'yan ƙwallonta babbar gasa ba. Don haka akan raba su shiyya-shiyya, su kara da juna, waɗanda suka yi nasara su wuce. Irin wannan wasan share fage muka je kallo.

Bayan NUGA kuma, a 2018 an fara wata gasa ta ƙwallon ƙafa zalla tsakanin manyan makarantu, mai suna HiFL. Abin da ya ba ni sha'awa da Malam yake ba mu tarihinta shi ne, waɗanda suka fara cin kofin 'yan Jami'ar Aikin Gona ta Makurɗi ne, kuma sunan ƙungiyarsu Tillers, ma'anarsa manoma. A 2021 kuma Jami'ar Maiduguri ta ɗauka. Duk waɗannan gasa dokarsu ta farko ɗaya ce: ba mai buga wa jami'a wasa sai ɗalibinta na haƙiƙa, mai rajista da lamba da kati. A riƙe wannan doka, za mu dawo kanta.

Ranar Asabar bayan sallar asuba muka shiga mota, mu talatin da biyu da malamai biyu, kowa ya ƙudundune cikin rigar sanyi. Muka hau babban titin Kano zuwa Zariya, hazo ya rufe ko'ina. Da gari ya waye sosai sai ga gonakin rani hagu da dama, kore shar, ga tumatir, ga albasa, ga alkama, alhali an yi watanni ba a ga ɗigon ruwan sama ba. Malamin Labarin Ƙasa, wanda shi ne na biyun masu rakiyarmu, ya miƙe ya riƙe ƙarfe ya mai da motar aji. Ya ce ruwan nan da muke gani daga madatsar Tiga yake, wadda aka gama a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo. Daga can yake gangarowa da kansa ta babbar magudana, ya bi ta Ruwan Kanya, sa'an nan ya rarrabu cikin ƙananan hanyoyi zuwa gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ce take kula da shi. Yawancinmu a bakin wannan ruwa aka haife mu, a cikinsa muka koyi iyo, amma kaɗan ne suka san wannan bayani.

A wajen Kadawa Malam ya ce mu lura, akwai tashar binciken noman rani a nan, kuma mallakar Cibiyar Binciken Aikin Gona ce ta Samaru, watau reshen jami'ar da za mu. Muka wuce kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan, kwanduna jibge, manyan motoci suna lodi zuwa Kudu. Ba mu yi nisa ba motarmu ta ɗau zafi, tururi ya taso. Baba direba ya faka, ya ce a bar ta ta huce. Mu huɗu muka ɗauki jarka muka ɗebo ruwa a magudanar da ke kusa, aka zuba. Mun ɓata kusan rabin awa. Daga nan ba mu sake tsayawa ba, muka bi ta Ciromawa da Kwanar Dangora, muka shiga Jihar Kaduna, muka wuce Tashar Yari, har Kwangila, inda muka karya muka nufi Samaru. Tafiyar ta haura kilomita 100.

Jami'ar Ahmadu Bello an buɗe ta ne a 1962, kuma Sardaunan Sakkwato shi ne uban jami'ar na farko. Ni dai da muka shiga na ɗauka wani gari ne daban. Da yake wasan sai la'asar, aka zaga da mu muka ga Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim da dogon ginin majalisar jami'a. Muka yi azahar, muka ci guzurinmu na ƙuli-ƙuli da garin kwaki, sa'an nan muka tafi fili da wuri don mu sami wurin zama.

Zuwanmu da wuri shi ya sa muka ga abin da ya fi wasan kansa tsaya mini a rai. Kafin a busa usur, aka jera 'yan wasan ɓangarorin biyu a gaban wani tebur. Jami'ai suna kiran suna ɗaya bayan ɗaya, suna duba kati, suna duba hoto, suna duba fuskar mai shi. Da aka zo kan wani dogon saurayi daga cikin baƙi, sai aka tsaya. Tun suna motsa jiki muka lura da shi, domin ba wanda ya kai shi iya sarrafa ƙwallo. Aka yi ta muhawara, mai horar da su yana ɗaga hannu yana roƙo, amma jami'an suka ce takardunsa ba su cika ba. Haka ya tuɓe rigar wasa ya koma benci ya dafe kai. Malamin Wasanni ya waiwayo ya dube ni, bai ce kome ba. Ni ma ban ce kome ba, amma na gane.

Wasan ya yi kyau matuƙa. Masu masaukin baƙi suka fara jefa ƙwallo a raga ta hanyar bugun kwana, fili ya kaure da sowa da ganguna. Baƙi ba su karaya ba, bayan hutun rabin lokaci suka farke. Saura 'yan mintoci a tashi alƙalin wasa ya ba baƙi fenariti, fili ya yi tsit. Mai tsaron gidan masu masauki ya yi tsalle hagu ya doke ta waje, aka tashi kunnen doki, ɗaya da ɗaya. Abin da na lura da shi, ba wanda ya taɓa alƙalin wasa ko ya jefa dutse, saɓanin yadda muke yi a wasannin unguwa. Malam ya ce ai wanda ya yi haka a nan karatunsa ne yake cikin haɗari, don hukumar jami'a tana iya hukunta shi.

Bayan an tashi Malam ya roƙi mai tsaron gidan nan ya yi mana magana, ya kuwa amsa da fara'a. Ashe aikin gona yake karantawa, kuma ɗan manomi ne kamar mu. Na yi ƙarfin hali na ce, "Yaya, yaya aka yi ka sami shiga wannan ƙungiya?" Ya yi dariya ya ce, "Ƙanena, ta aji na shigo. Sai da na sami kiredit biyar har da Turanci da lissafi, na ci jarrabawar JAMB, sa'an nan mai horarwa ya san da ni. Yanzu ma in makina ya faɗi ƙasa ainun, sallamata za a yi daga jami'ar, in an sallame ni kuwa raga ta zama ta wani." Ya ce atisaye sai da yamma bayan an gama lacca, lokacin jarrabawa kuwa akan dakatar da shi ɗungurungum. Da ya ambaci lissafi abokaina suka fashe da dariya suna nuna ni, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

A hanyar dawowa Malam ya ba mu misalin Adokiye Amiesimaka, wanda ya karanta shari'a a Jami'ar Legas yana buga ƙwallo. Yana cikin 'yan wasan Nijeriya da suka ci kofin Afirka a 1980, lokacin da aka doke Aljeriya da ci 3 da nema a Legas, daga baya kuma ya zama Kwamishinan Shari'a na Jihar Ribas. Malam ya ce ƙafar ɗan ƙwallo shekarunta ƙidayayyu ne, rauni ɗaya ma yana iya gama ta, amma abin da ke cikin kai yana nan har tsufa. Mun iso makaranta bayan isha'i, muryoyinmu duk sun dushe.

Da aka yi hutu na sami Baba a gona yana ban ruwa, na karɓi fartanya ina buɗe masa kwari ina ba shi labari. Na gaya masa zancen saurayin da aka hana wasa, da na mai tsaron gida. Sa'an nan na tambaye shi ko ya san irin masarar nan da ake kira SAMMAZ, da waken SAMPEA, da gyaɗar SAMNUT, farkon sunansu daga Samaru aka ɗauko shi, don a can aka fitar da su. Ya dakata ya ce, "Ashe?" Na ce ƙwarai, kuma wurin da ake koyar da masu wannan aiki nan ne muka je kallon ƙwallo. Ya ce, "To, in da gaske kake, mu gani a takarda." Wannan zangon na shiga darasin ƙarin lissafi na dare, kuma a gwajin da aka yi na haye, ko da yake da ƙyar. Ƙwallo ban daina ba, sai dai na ajiye ta a lokacinta, tsakanin la'asar da magariba.

A ƙarshe ina kira ga 'yan'uwana masu son ƙwallo irina, mu san cewa akwai fili mai kyau yana jiranmu a Samaru, da Jami'ar Bayero, da ta Wudil, amma mai gadin ƙofarsa takarda yake tambaya. Kowa ya ga ya iya, to ya haɗa da karatu, don kada wata rana ya zauna a benci ya dafe kai. Iyayenmu kuma ina roƙonsu, in an sake kawo takardar irin wannan tafiya su daure su sa hannu, domin Hausawa sun ce gani ya kori ji.  Allah ya ba mu ilmi mai amfani, amin.