Idan Kwamfuta Ta Ƙi Karɓar Rubutu, Kada a Yi Saurin Yi Mata Fomat

Ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya janye hannunsa daga kula da Windows 10. Ita kuwa Windows 11 ba kowace kwamfuta take yarda ta hau ba, sai mai sabon inji da wani guntun tsaro da ake kira TPM 2.0. Wanda ya san irin kwamfutocin da ake aiki da su a shagunan buga takardu na Tudun Wada da Kwanar Ɗangora, ko waɗanda ɗalibai ke sagalowa a jaka idan sun dawo hutu Kiru da Bebeji, ya san da yawansu na hannu ne. Sun gama shan aiki a Turai kafin su sauka Legas, daga can su gangaro Titin Beirut a Kano. Ba su mutu ba, Windows ce ta gudu ta bar su. Shi ya sa wasu ke juyawa ga Linux, babbar manhajar da Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 yana ɗalibi a Helsinki. Kyauta ake samunta, kuma nau'o'inta irin su Ubuntu da Linux Mint da Debian suna tafiya lafiya lau a kan tsohuwar na'ura.

Sai dai akwai wata tangarɗa da kan tarbi sabon shiga. An gama ɗora manhaja, an zare filashin, an kunna. Kwamfuta ta tashi, ko ta tsaya a baƙin allo. Ka zo ajiye takarda ta ƙi. Ka zo saka sabuwar manhaja ta ƙi. Ko sunan folda ba za ka iya canjawa ba. Duk inda ka taɓa amsa ɗaya ce: "Read-only file system". Wato karantawa kawai aka yarda ka yi, rubutu babu. Kuma ba wani gefen faifai ne ya kulle ba, tushen ne kansa, wanda Linux ke yi wa alama da / kuma komai na kwamfutar ke rataye da shi.

Maganin da aka fi saurin bayarwa a teburin mai gyara shi ne a yi mata fomat a sake ɗorawa. A ganina wannan ne mafi munin abin da za a fara da shi. Yana share takardun mutum, yana share shaidar abin da ya faru, kuma sau da yawa bayan kwana biyu matsalar ta dawo, domin ba a taɓa inda ciwon yake ba. Gyaran gangar Abzinawa ke nan.

A fara da sanin cewa yawancin nau'o'in Linux a kulle suke farkawa. Idan aka kunna kwamfuta, manhajar tayarwa mai suna GRUB ce ke ɗauko ƙwaryar Linux, ta kuma umarce ta da ta buɗe tushen faifai don karatu kaɗai. Dalili shi ne a samu damar duba lafiyar faifan kafin wani ya soma rubutu a kansa. Idan binciken ya wuce lafiya, sai a leƙa wani ɗan fayil mai suna /etc/fstab, inda aka jera kowane yanki na faifai da yadda za a buɗe shi, sannan a saki tushen ya karɓi rubutu. Duk wannan cikin daƙiƙu kaɗan yake faruwa, a bayan tambarin da ke allo. Saboda haka kwamfutar da ta maƙale, ɗayan biyu ne: ko ba a kai ga sakinta ba tun farko, ko an sake ta sannan ta ga wani abu ta sake kulle kanta.

Na biyun ya fi yawa a wajenmu, kuma shi ne aka fi yi wa mummunar fahimta. Ɗauki babban siton masara a Doguwa lokacin kaka. Malamin sito yana da littafi: buhun wane a layi kaza, na wane a lungu kaza. Ran da ya buɗe littafin ya ga shafi biyu sun ba mutum biyu layi ɗaya, in mai hankali ne zai ce a dakata, kada a shigo da buhu, kada a fitar, amma mai son ganin kayansa ya shigo ya gani. Ya san duk buhun da aka ƙara a kan lissafin da ya rikice, ƙara rikicin zai yi. Abin da ext4 ke yi ke nan, tsarin jera fayil da Linux ta amince da shi tun ƙarshen 2008. A Debian da danginta an saba samun kalmomin errors=remount-ro a layin tushe cikin /etc/fstab, ma'ana da zarar an ga kuskure a kulle. Kullewar ba ita ce cutar ba. Ita ce ta hana takardunka lalacewa gaba ɗaya.

To me ke rikita lissafin? A kudancin Kano amsa ta farko wuta ce. Kwamfuta ba ta rubuta abu a faifai nan take; tana tara shi a ƙwaƙwalwarta ta wucin gadi, tana saukewa lokaci zuwa lokaci. ext4 na da ɗan kundi da take fara rubuta abin da ta yi niyyar yi kafin ta yi, tana rufe shi duk bayan daƙiƙa 5, domin in wuta ta ɗauke ta san inda ta tsaya. Wannan dabara tana ceto sosai, amma ta dogara ne da faifan ya faɗi gaskiya. Akwai faifai masu arha da kan ce sun rubuta alhali abin yana hannunsu bai sauka ba. Sannan lokacin ɗora manhaja, dubban fayiloli ne ke zuba cikin mintuna, haka ma sabuntawar farko da ke biyo baya. In a daidai nan aka ɗauke wuta, ko yaron shago ya juya layi daga na NEPA zuwa janareta, an shuka matsala tun ranar suna.

Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne batir. Laftof mai lafiyayyen batir ba ruwanta da ɗauke wuta. Amma laftof ɗin hannu da batirinta ya mutu, wadda sai da caja a jiki take numfashi, ba ta da maraba da kwamfutar tebur marar ajiyar wuta: ko wani ya yi tuntuɓe da waya ta mutu. Dam ɗin Tiga na nan a ƙasar Bebeji tun zamanin Audu Bako, har an yi masa tashar lantarki ta megawat 10, amma wannan bai sa mai shago a ƙauyen da ke kallon ruwan ya daina sayen fetur ba. A Oktoban 2024 kuwa yawancin Arewa ta yi fiye da mako guda cikin duhu. Wanda zai ɗora manhaja, ya yi a kan sola mai inbata ko batir mai riƙewa, ko ya jira.

Yanzu ga abin yi, kuma matakin farko shi ne wanda kowa ke tsallakewa: kada ka kashe ta. Tunda faifai ya kulle, kwamfutar ba ta da inda za ta rubuta labarin abin da ya same ta. Labarin yana ƙwaƙwalwar wucin gadi ne kawai, kana kashewa ya tafi. Buɗe tagar umarni ka rubuta sudo dmesg, ka sauka ƙasa, ka ɗauki hoton allon da wayarka. Wannan hoton zai iya hutar da kai tafiya. Daga Riruwai zuwa Kano, a ratsa dajin Falgore a fito Kwanar Ɗangora, ba ƙaramar hanya ba ce don kawai a gaya maka abin da mai gyara zai iya karantawa ta WhatsApp.

Abin da ake nema a wannan rubutun iri biyu ne. Idan ka ga "EXT4-fs error" sannan "Remounting filesystem read-only", ba tare da wani kuka daga faifan kansa ba, to lissafi ne ya rikice, kuma yana gyaruwa. Ka tayar da kwamfutar daga filashin da ka ɗora manhajar da shi, ka zaɓi gwaji maimakon ɗorawa, ka rubuta lsblk -f don gane wane yanki ne tushe, sannan ka sa masa sudo fsck -f /dev/sda2, in shi ne sda2 ɗin. Sharaɗi ɗaya: ba a yin fsck a kan yankin da ke buɗe ana rubutu a kansa, shi ya sa ake zagayowa ta filashi. Zai yi ta tambaya ko ya gyara, kana amsawa. Guntayen da ya tsinto bai san mai su ba zai zuba su a folda mai suna lost+found, da lambobi a madadin suna.

Idan kuwa ka ga "I/O error" tare da lambar wani gurbi na faifai, magana ta canja. Faifan ne ke ciwo, ko igiyarsa, ko mazauninsa. A nan fsck ba abokinka ba ne tukuna, domin zai tilasta wa faifai mai jinya aiki mai nauyi. Fara kwashe abin da ba ka son rasawa zuwa wani wuri: takardun makaranta, hotunan fasfo na kwastomomi, lissafin shago. Karatu ai bai hana ba. Bayan nan sai a tambayi faifan da kansa, domin kusan kowane faifai yana riƙe da tarihin lafiyarsa. Umarnin sudo smartctl -a /dev/sda zai fito da shi, ko manhajar Disks a Ubuntu ga wanda ba ya son baƙin allo. A duba layi na 5, yawan guraben da suka mutu aka maye su, da na 197, waɗanda ke jiran hukunci. In waɗannan suna hawa, faifan ya yi sallama, sai a nemi wani. In kuma layi na 199 ne kaɗai ke hawa, laifin igiya ne ko mahaɗi. Sau da yawa a zare faifan, a busa ƙurar hunturu da ta cushe, a mayar da shi daram, shi ke nan. Kwamfutar da ta sha jijjiga a bayan babur a hanyar ƙauye, wannan ba abin mamaki ba ne a gare ta.

Faifan zamani na SSD kuma yana da tasa ɗabi'ar. Wasu in ƙarfinsu ya ƙare sukan kulle kansu da kansu, su bar ka ka kwashe kayanka amma ba za su sake karɓar ko harafi ɗaya ba. Katin memori ma haka yake yi. Babu umarnin da zai buɗe wannan.

Sauran yanayin, inda ba a kai ga sakin tushen ba, ya fi sauƙi, kuma yawanci aikin hannun mutum ne. Kowane yanki na faifai yana da doguwar lambar shaida, UUID, wadda ke canjawa duk lokacin da aka yi masa fomat. Mai gyaran da ya kwafi manhaja ɗaya ya raba wa kwamfutoci da yawa, ko ya sake yanka faifai bayan ɗorawa, yakan bar tsohuwar lamba a /etc/fstab. Wani kuma da hannu yake rubuta /dev/sdb2, ya manta cewa lokacin filashi ne ya karɓe sunan sda. Ana zare shi faifan ciki ya koma sda, sdb ya zama babu. Gwada sudo blkid da abin da ke cikin fstab, bambancin zai bayyana. Amma ta yaya za a gyara fayil a faifan da ba ya karɓar rubutu? Da sudo mount -o remount,rw /dev/sda2 / ake buɗe shi, kuma ambaton sunan yankin a nan yana da amfani, tunda fstab ɗin da za a dogara da shi shi ne mai kuskuren. Wannan umarni shi ne ya fi yawo a bakin masu ba da shawara, kuma a nan kaɗai ya dace. Yin sa a kan faifan da ya kulle saboda kuskure, in ma ya yarda, ƙara ɓarna ce.

Akwai ƙananan abubuwa da ke shigar burtu. Wani bai zare filashi ba, kwamfutar na ta tashi daga gare shi, komai ya ajiye ya ɓace da safe. Wani filashin nasa jabu ne, ko manhajar ta sauko a gurgunce saboda sabis mai yankewa, don haka abin da aka ɗora tun asali raunanne ne; sha256sum na tantance ko manhajar ta sauko cikakkiya cikin minti ɗaya. Wani kuma ya bar Windows a gefe, ita ce ba ta mutu da gaske ba saboda dabarar saurin tashi da ta zo da Windows 8, sai Linux ta ƙi rubutu a yankinta. Wannan bai shafi tushe ba, a cikin Windows ake kashe dabarar. In an canja faifai kuma kurakurai suka ci gaba, a gwada ƙwaƙwalwar wucin gadi da Memtest86+.

Abin sha'awa, manyan kamfanoni da gangan suke kulle tushe yanzu. Wayar Android da ke aljihunka haka take, Apple ma ta bi sahu a kwamfutocinta tun 2019. Ɗakin kwamfuta na makaranta, inda yara ke koyon danna linzami saboda jarrabawar JAMB da ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, zai iya cin moriyar wannan. Ubuntu na da overlayroot, Raspberry Pi ma na da irinsa a cikin saitinta: tushe ya zauna a kulle, duk abin da yaro ya taɓa a ƙwaƙwalwar wucin gadi yake tsayawa, ana kashewa komai ya koma yadda malami ya bar shi, ɗauke wuta kuma ba ta samun abin lalatawa. Sai dai a ware wani yanki daban don ajiye aikin ɗalibai, kuma a tuna a cire kullen duk ranar da za a sabunta manhaja.