Shim: Siririn Ƙarfen Da Ke Rage Matsin Inji

Lokacin noman rani, injin ban ruwa shi ne ƙarfin manomi a fadamun Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa. A cikin gari kuma, injin niƙa ne ke raba mata da daka. Idan ɗayansu ya tsaya, gida ya ji a jika.

Kowane inji yana da fistin. Fistin yana hawa sama ya matse iska a cikin silinda, sa'annan mai ya kama da wuta. Injin fetur yana matse iska wajen ninki 8 zuwa 10. Injin bakin mai, wato dizal, yana matse ta ninki 16 ko fiye.

Idan inji ya yi zafi ƙwarai, murfin silinda, wanda makanikai ke kira tof silinda, yakan karkace. Sai a kai shi wurin masu injin gogewa, kamar a Funtua, a goge fuskarsa ta daidaita. To, gugar nan tana cinye ƙarfe. Ɗakin da ke saman fistin ya ƙanƙance, matsi ya ƙaru. Daga nan injin fetur ya soma ƙara kamar ana ƙwanƙwasa ƙarfe, yana zafi, gasket yana ƙonewa. In an ƙyale shi, fistin na iya hujewa.

Maganin abin shi ne shim. Siririn faifai ne na ƙarfe ko jan ƙarfe, mai siffar gasket. Ana sa shi tare da gasket ya ɗaga murfin kaɗan, ya maye kaurin da guga ta cinye.

Amma sai da awo. Wasu makanikai sukan haɗa gasket biyu don sauƙi. Wannan ganganci ne, domin gasket yana da laushi, wuta kan fasa tsakaninsu. Shim mai kauri da yawa kuma yana kashe ƙarfin inji, ya ƙara shan mai. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023, wannan ba ƙaramar asara ba ce. Wanda ya mayar da injinsa na gas ɗin girki ya sani, gas ya fi fetur jure matsi.

Injin dizal ya fi tsanani. Ba shi da fulogi, zafin matsi ne ke kunna mai. In matsi ya ragu, da sanyin hunturu sai a yi ta juya hannu bai tashi ba. A injin niƙa samfurin Lister, wanda aka fara ƙerawa a Ingila kuma Indiya ke kwaikwayo, ana sa shim ɗin a ƙarƙashin silinda. Makaniki zai ɗora 'yar dalma a kan fistin, ya ɗaure murfi, ya juya inji, sa'annan ya auna kaurin dalmar da ta baje. A Lister mai ƙarfin doki 6, ana son kusan milimita 1.2.

Kafin mai inji ya karɓi murfinsa daga wurin guga, ya tambayi nawa aka cire, ya rubuta a takarda, ya kai wa makanikinsa.