Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Daidaita Ruwan Kwami a Gida

Gabatarwa

Hausawa kan ce ruwa ba ya tsami banza. Galibi akan kawo wannan karin magana ne domin a nuna cewa kowane al'amari yana da dalilinsa, amma a wannan maƙala za a ɗauke shi bisa ma'anarsa ta zahiri. Za a duba abin da ke sa ruwan da aka ajiye a gida ya ɓaci, da kuma hanyar daidaita shi, ko na kwamin ajiya ne ko na kwamin iyo irin wanda wasu masu hali ke ginawa a gidajensu. Dokar duka ɗaya ce, girma ne kawai ya bambanta su.

Ruwan Gusau da Tsafe da Bunguɗu

Gusau da Bunguɗu suna bakin gulbin Sakkwato, wanda ya taso daga wajen Funtuwa. Da damina ruwan gulbin kan yi ja saboda laka, da rani kuwa ya ja baya. Tsafe ƙasar duwatsu ce, inda aka fi dogara ga rijiyoyi da burtsatse. Tun da Gusau ta zama babban birnin Jihar Zamfara a 1996 jama'a suka ƙaru, aka yi ta fitar da sababbin unguwanni, gidaje da yawa kuma suka koma ga ajiye ruwa a kwami ko tanki, daga motar tanka ko daga 'yan ga-ruwa. Ruwan da zai kwana bakwai a kwami kuwa yana bukatar kulawar da ruwan tulu na yini guda ba ya bukata.

Ma'aunan gargajiya

Tun fil azal Bahaushe yana auna ruwa da abubuwa uku: launi da ɗanɗano da wari. Su ne kuma ɗalibi ke fara karantawa a babin tsarki na littattafan fiƙihu irin su Ishmawi da Risala. Harshen ma ya tanadi kalmomin rarrabewa: akwai ruwan daɗi, akwai ruwan zartsi, akwai gurɓatacce, akwai wanda ya yi gansakuka. Haka kuma an san dabarun gyara, kamar barin ruwa ya kwanta, da tacewa da ƙyalle, da jefa alam.

Sai dai waɗannan ma'aunai suna da iyaka, domin ƙwayar cuta ba ta da launi ko warin da mutum zai ji. A 1854 wani likita mai suna John Snow ya bi sawun annobar kwalara a wata unguwa ta Landan, ya tarar tushenta famfon rijiya guda ne, wanda mutanen wurin ke yabon ruwansa. A Nijeriya, annobar kwalara ta 2021 ta kama mutane fiye da 100,000, ta kashe fiye da 3,000, Zamfara kuwa tana cikin jihohin da ta fi yi wa ɓarna. Ke nan ruwa kan yi garau kamar idon zakara alhali yana ɗauke da ajali. Saboda haka ake bukatar ƙarin ma'aunai biyu.

Ma'aunin tsami da kanwa

Kowace mai girki ta san cewa idan yakuwa ta cika tsami, ɗan ruwan kanwa ke kashe shi. Marini ma ya san ba za a sami shuni mai kyau ba sai ruwan toka ya yi daidai a karofi. Wannan sanin ne masana kimiyya suka mayar lissafi. A 1909 wani masani ɗan ƙasar Denmak, Sorensen, ya fito da ma'aunin da ake rubutawa pH, wanda ya tashi daga 0 zuwa 14. Lamba 7 ita ce tsaka-tsaki. Abin da ya yi ƙasa da ita yana ɓangaren tsami, kamar lemun tsami da tsamiya. Abin da ya yi sama yana ɓangaren kanwa, kamar ruwan toka da sabulu. Tsakanin kowace lamba da mai bi mata akwai ninki goma, don haka tazarar da ke tsakanin 7 da 8 ba ƙarama ba ce.

Ruwan kwamin iyo ana so ya tsaya tsakanin 7.2 da 7.8. In ya sauka ƙasa da haka sai ya riƙa cin siminti da bututun ƙarfe, ya kuma sa idon mai wanka zafi. In ya haura sai ya yi hazo-hazo, farin ɓawo ya kama bango. Akan auna shi da wani ruwan gwaji da ake ɗigawa cikin 'yar kwalba: ya yi rawaya in akwai tsami, ya yi ja sosai in kanwa ta yi yawa. Mai son ganin misalin wannan a gida ya zuba ɗan ruwan kanwa a zoɓo, zai ga launinsa ya juye. Garin da ake sayarwa don ɗaga wannan ma'auni ɗan'uwan kanwa ne, sai dai shi an tace shi, ita kuwa kanwar kasuwa tana tafe da ƙasa da gishiri.

Ma'aunin kulorin

Kulorin shi ne sinadarin da ke kashe ƙwayoyin cuta a ruwa. A 1908 aka fara zuba shi kullum cikin ruwan famfon birnin Jersey City a Amurka, daga nan kuma ya bazu a duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a sami aƙalla rabin miligiram a kowace lita ta ruwan sha bayan minti 30 da zubawa. Ga kwamin iyo kuwa akan nemi miligiram 1 zuwa 3.

Alal misali, kwami mai tsawon mita 2 da faɗin mita 2 da zurfin mita 1 yana cin lita 4,000. Domin a sami miligiram 1 a kowace lita ana bukatar giram 4 na kulorin zalla. Da yake garin kulorin na kasuwa ƙarfinsa wajen kashi 65 cikin 100 ne, sai a auna kimanin giram 6, watau abin da bai wuce cikin ƙaramin cokalin shayi ba da yawa. Amma wannan lissafin somawa ne kurum, domin dattin da ke cikin ruwan kan cinye wani kaso. Dole a sake aunawa bayan rabin sa'a a ga abin da ya rage.

A nan ne ma'aunan biyu suke haɗuwa. Ƙarfin kulorin ya rataya ne a kan tsamin ruwa. A lamba 7 kusan kashi uku cikin huɗu na kulorin suna cikin siffar da ta fi kisa. A 7.5 rabi ne. A 8 kuwa bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba. Ashe mutum na iya zuba magani da yawa ya yi asarar kuɗinsa, saboda ruwansa ya karkata ɓangaren kanwa.

Akwai kuma wani kuskure da ya yaɗu, cewa warin magani mai ƙarfi alamar tsabta ce. A kwamin iyo wannan wari yana tasowa ne daga haɗuwar kulorin da gumi da fitsari, watau alama ce ta cewa maganin ya gaji. Bugu da ƙari, rana tana cinye kulorin cikin 'yan sa'o'i, balle ranar bazara ta ƙasar Zamfara. Shi ya sa ake rufe kwamin ajiya, ake kuma zuba wa na iyo magani da yamma.

Jerin aiki

Aikin yana da tsari, in aka saɓa shi an yi wahalar banza. Da farko a kawar da laka, domin ƙwayoyin cuta kan ɓuya a cikinta. Alam yana tattara ta ta kwanta a ƙasa, haka ma dakakken ƙwallon zogale, wanda matan ƙauyukan Sudan suka daɗe suna amfani da shi. Na biyu a auna tsami, musamman da yake alam kan ja ruwa zuwa ɓangaren tsami. Na uku a zuba kulorin, a jira minti 30, a sake aunawa. Garin ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa a kan gari. Kada kuma a kuskura a haɗa shi da wani abu mai tsami, domin yana fitar da iska mai guba. A ajiye shi inda yara ba za su kai ba.

Kulorin ma yana da tasa iyakar: ƙwayoyin cuta yake kashewa, ba ya cire gubar ƙarfe. Gubar dalma da ta kashe yara wajen 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a 2010 ta fito ne daga sarrafa duwatsun zinariya a cikin gidaje. Ruwan da ake zargin irin wannan guba ta shiga, ɗakin gwaji kaɗai ke iya tantance shi.

Kammalawa

An ga cewa launi da ɗanɗano da wari suna nan da amfaninsu, su ne ke fara yi wa mai gida ishara. Abin da zamani ya ƙara shi ne aunawa da lamba. Akwai aiki a nan ga ɗaliban Hausa: har yanzu takardun da ke jikin waɗannan magunguna galibi da Turanci suke, alhali masu ɗebo ruwa da masu ajiye shi da Hausa suke tunani. Kalmomin tsami da kanwa da zartsi suna nan a bakin kowa. In aka gina bayanin kimiyya a kansu, uwargida a Tsafe da ɗan ga-ruwa a Gusau za su gane shi ba tare da tafinta ba.